Zobe a Farantin Gwaji

"Ɗaga shi wajen haske, Baba. Kada ka buɗe murfin."

Tsohon malamin ya ɗaga farantin gilashin kamar mai duba ƙwai. 'Yarsa ce ta janyo shi ɗakin gwajin da take aiki, alhali ya baro mai gatari a gida zai sare masa bishiyar gwaiba. Marigayiya matarsa ce ta dasa ta, ta tafi ta bar masa shara.

Cikin farantin ya yi dususu. An jera 'yan ƙananan takardu a kai, kowacce an jiƙa ta da ruwan wani ganye.

"Dusu-dusun nan ƙwayoyin cuta ne," in ji ta. "Irin waɗanda suka shiga ƙafar Mama, allurai suka kasa."

"Mun san juna," ya ce.

Ƙwayoyin sun mamaye takardun duka, ban da ɗaya. A kewayenta akwai fili tas, zobe mai haske, har yana hango yatsansa ta ƙasa. Abin da ya gagari likitoci ya zo nan ya ja birki, kamar an shata masa iyaka. Ya karanta littattafai har idonsa ya lalace, bai taɓa ganin layi mai tsabtar wannan ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ganyen wace ƙasa ne?"

"Na tsakar gidanka. Gurbi ɗaya ya rage, sai na ɗebo cikin shararka don kada ya zauna haka nan."

Ya lalubi kujera ya zauna. Tun rasuwar matarsa yake share ganyen gwaibar nan yana ƙonawa.

"Baba, faranti ne fa, ba ƙafar mutum ba. Bai zama magani ba tukuna. Sai an maimaita, kuma da ganyen bishiyar nan, don ba lalle wata ta yi haka ba."

Ya zaro waya da hannun hagu, ya kira mai gatari.

"Maigida, reshe ɗaya na sauke," in ji mai gatari. "Yanzu zan hau gindin."

"Ajiye gatarin."

"Ah ah! To ganyen fa? In cinna masa wuta?"

"Tara shi a inuwa. Kada ka taka ko ɗaya."

Ya kashe wayar. Har yanzu farantin yana sama.

"Baba, ka gani ai. Kawo."

"Bar shi," ya ce. "Ban gama karantawa ba."