Wa Zai Ce Ya Fasa

Tun daga yadda Koci Suggs, mai horar da 'yan ƙwallon Amurka, ya ƙi taɓa tarwaɗar da ta soya masa, Verlene Pettway ta san ba alheri ya kawo shi ba. Wannan mutumin, duk zuwan da yake yi daga jami'arsu sai ya cinye faranti biyu ya nemi ƙunshi. Yau, saura kwana uku yara su sa hannu a takardun tallafin karatu, ya zauna yana juya kofi kamar mai zaman makoki.

"Mama Verlene, lissafi ne ya sauya."

"Ban haife ka ba. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ɗanta Lavoris yana gefe, kujera na kuka a ƙarƙashinsa. Bara war haka yaro ne sambal mai gudu kamar barewa, makarantu huɗu na zawarcinsa don ya buga musu ƙwallo. Suggs ne ya zo ya ce su a layin gaba suke son sa, cikin ƙartin da ke tare hanya, ya ƙara nauyin laba sittin, gurbi nasa ne, karatu da ci da kwana duk kyauta. Sharaɗi ɗaya: wanda ya ba da kalma ba ya sake leƙa wata makaranta. Yaron ya buga wa sauran ukun waya ɗaya bayan ɗaya ya sallame su. Ita kuwa ta dafa. Ƙwai takwas da safe, burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa tsakanin darasi da darasi, kaza har yaron ya fara kawar da kai idan ya ji ƙamshinta. Da hannunta ta yi masa ɗura, kowace Lahadi ta ɗauki hoton sikeli ta tura.

Mutanen gari suna cewa tayin gurbin karatu alƙawari ne. Tayi dai magana ce ta fatar baki, kuma bana wannan jami'ar ta yi wa yara ɗari uku da wani abu ita, alhali gurbi ashirin da biyar ne.

"An samu wani daga babbar makaranta, ya riga ya buga shekara biyu," in ji Suggs. "Maigida, babban kocinmu, ya ce shi yake so. Wallahi na yi faɗa a kan Lavoris."

"Ina tabon?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya turo wayarsa tsakiyar tebur. "Ga abin da ake yi. Yaron ne zai sanar a shafinsa na intanet. Mun ma rubuta masa."

Ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi. "Bayan doguwar addu'a da shawara da iyalina, na yanke shawarar janye alƙawarina." Ta ɗago. "Wace addu'a? Yaushe aka yi shawarar, ina majami'a ko ina banɗaki? Ku kore shi, sannan shi zai fito ya ce shi ya fasa? Har Ubangiji kun sa a cikin shaidu!"

"Mutuncinsa ake karewa. Kowa haka yake yi."

"Mutuncin wa? Don baɗi ku shiga gidan wata ku ce ba ku taɓa janye wa yaro tayi ba."

Suggs ya juya ga yaron, ya sassauta murya. "Babban mutum, ka sa wannan, ni kuma yau zan kira abokina a wata ƙaramar jami'a. Yana neman irinka."

"Kira shi yanzu," in ji Verlene. "Sa mu ji muryarsa."

"Ba a haka."

"To a rubuce?"

Suggs ya ce, yana kallon yaron ba ita ba, "Ka sani dai, kociyoyi suna magana da juna. Yaron da ya yi surutu, labarinsa yana riga shi isa."

Nan ne bakinta ya mutu, ba don ta rasa abin faɗa ba. Cikinta cike yake da shi. Amma wannan kiran wayar da ba ta yarda da shi ba, shi kaɗai ya rage wa ɗanta, kuma ba ita za ta kwana a gida watan Agusta tana kallon sa'o'inta sun tafi jami'a ba. Ta cire tabarau ta naɗe hannu.

Lavoris ya ciro tasa wayar. Yatsunsa sun yi kauri, sai da ya goge sau biyu.

"Yallabai, na sa."

Suggs ya duba, fuskarsa ta canja. Verlene ta miƙa hannu aka ba ta. Layi biyu ne: "Yau jami'ar ta janye tayin da ta yi mini wata goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ni na fasa ba. Ina neman makaranta."

"Ka yi wa kanka, yaro," in ji Suggs, yana neman makullin motarsa.

"Na sani, yallabai."

Ba wanda ya raka shi ƙofa. Da ƙarar motar ta ɓace, yaron ya ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama, ya ƙura mata ido. Verlene ta ja kujera ta zauna kusa da shi, suka jira tare.