Shaho Muka Aika

Karo na uku ke nan Renaud Thibodeau, sabon ma'aikacin ofishin lafiya, yana karanta layin ƙarshe na rahoton, ya kasa sa hannu. Layin ya ce ruwan tsohuwar rijiyar garin ba shi da illa, ana iya sake buɗe ta ranar Litinin.

Madam Lindqvist, shugabar ofishin lafiya na gundumar, ta leƙo da kofin gahawa a hannu.

"Ɗan difloma, sa hannu kake ko addu'a? Gida ɗari huɗu muka zaga. Waɗanda suka sha rijiyar da masu shan famfo, yawan masu ciwon ƙoda a cikinsu ɗaya ne."

"Madam, ai shaho muka aika."

"To fa! An koma gidan namun daji."

Da sunayen dabbobi malaminsa na ƙididdiga ya koya musu rarrabe bincike, da su kuma ya yi mata bayani. Shaho yakan dubi jama'a sau ɗaya daga sama, ya ƙirga abin da ke fili a ranar. Kunkuru yakan bi masu lafiya shekara da shekaru, ya ga wanda zai kamu. Kare kuwa daga marasa lafiya yake farawa, ya bi sawu baya har ya gano ruwan da suka sha.

"Wanda ƙodarsa ta lalace ba ya zama a garin nan, Madam. Injin wankin ƙoda yana birni, tafiyar awa uku. Gida talatin da ɗaya muka tarar a kulle a layin rijiyar, muka tsallake su."

"Rufe masana'antar katako ne ya kore su, yarona. Shekara ashirin nake nan. Ƙarfe sha biyu zan kai wa majalisar gari takardar, da sa hannunka ko da nawa."

Tana fita ya nemo lambobin wayar masu gidajen. Wata dattijuwa ce ta ɗaga kiran farko, ya tambayi mai gidan.

"Gordon? Ya rasu bara."

"Ki gafarce ni, Mama, me ya same shi?"

"Zuciya, in ji likita. Amma ƙafafunsa sun daɗe suna kumbura. Me ya sa kake tambaya?"

Renaud bai san a wane gurbi zai rubuta Gordon ba, na ciwon ƙoda ko na zuciya. Ya yi mata ta'aziyya, ya ajiye. Saura gida talatin, saura minti ashirin.

Madam ta dawo sanye da rigar sanyi. Ta ɗauki rahoton daga teburinsa ba tare da ta dubi Renaud ba, ta sa hannu a tsaye, ta fita.

Ya buga lamba ta biyu.