Keken Maitama Ya Tafi Abuja

Shekarar da soja suka koma bariki, Alhaji Badamasi ya ci kujerar majalisar tarayya, kuma kowa a Ƙofar Guga ya san gumin wa ya ci. Na Malam Maitama ne, tsohon masinja, wanda ya yi wata uku yana taka baƙin kekensa lungu-lungu da hoton Alhaji ɗaure a gaba.

Da rantsuwa ta zo, Alhaji ya yi hayar ƙaramin jirgi mai kujera shida. Ya ce Maitama na cikin tafiyar, shi da keken, don manyan Abuja su ga irin wahalar da aka sha. Wai aka sha!

Babu gidan da Maitama bai shiga sallama ba. Matarsa Saudatu ta aro masa babbar riga, liman ya yi masa addu'a. Mu kusan talatin muka cika akori-kura muka raka shi filin jirgi, muka jeru a jikin wayar shinge.

Matuƙin, wani siriri marar fara'a, ya kawo sikeli ya auna kowa da kayansa. Ya ce keke ba zai shiga a tsaye ba, sai an cire ƙafafu da feda, an juya kan. Maitama ya durƙusa a kwalta mai zafi cikin rigar aro, ya kwance abinsa da sufanarsa. Har sarƙar ya naɗe da hankicinsa, kada baƙin mai ya taɓa shaddar abokan Alhaji.

Matuƙin ya gama lissafi ya girgiza kai.

"Nauyi ya wuce da kilo goma sha biyar. A zafin nan ba zan tashi ba. A sauke keken, ko akwati ɗaya."

A cikin manyan, kowa ya kawar da kai daga akwatinsa. Abin ya yi wa Maitama nauyi, sai ya yi abin da duk mai tarbiyya yake yi a garinmu, ya yi kara. Ka miƙa abu da baki, a ce maka haba, ka sake miƙawa, a rantse maka, shi ke nan kowa ya fita kunya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ai ni sai in zamna, ku tahi."

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran a ce masa haba.

Alhaji ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Malam. Kun ga mutanen kirki!" Ya juya wajen matuƙi. "To tunda wuri ya samu, a ɗauko jakar dambun naman nan da muka bari a mota."

Wallahi na ji kamar in tsallaka wayar in shaƙe shi. Ban tsallaka ba, babu wanda ya tsallaka a cikinmu. Maitama da kansa ya miƙa keken gunduwa-gunduwa, aka kwantar da shi a kujerarsa, aka ɗaure da bel.

Kafin a rufe ƙofa Alhaji ya leƙo.

"Maitama, in ka koma ka gaishe mani da mutanen Ƙofar Guga."

Ga mu nan taku ashirin a bayan Maitama, mun ji komai. Bai waiwayo ya dube mu ba.

Ya ce, "Za su ji, ranka shi daɗe."