Matar Bakin Ƙofa

Uwar Biyu ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki mai lamba shida, kwanon abinci a hannu, ta ƙi yin sallama. Da gangan ta ƙi. Yau kwana na huɗu ke nan tana wannan gwajin, kuma tun a cikin mota ta rantse cewa yau ne na ƙarshe. In mijinta bai gane ta da ido ba, za ta ajiye kwanon ta yi gaba, 'yan'uwansa su zo su yi jinyar abinsu.

Yana zaune a kan gado, an jingina masa filo biyu, bandeji ya zagaye kansa. Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa, sai ya yi wuf ya kawar da kai ya koma kallon taga. Shekara ashirin da biyu da aure! Ita ta haifa masa tagwaye, ita ta yi kwana tara a kan bencin asibitin nan yana kwance bai san inda kansa yake ba, tun ranar da ya faɗo daga tsani yana gyaran wutar wani shago. Amma ga shi yana yi mata kallon wadda ta yi ɓatan ɗaki.

Kuma ba wai a yamutse take zuwa ba. Tela ce, ta san abin da ke karɓar jikinta. Ranar farko farar shadda, shekaranjiya shuɗin leshi, jiya atamfa mai ganye, yau sabon ɗinki ruwan goro da mayafinsa, har da turaren da ba ta taɓa shafawa ba. Kwana uku tana tsayawa haka da safe, ya kawar da kai, ta bar kwanon a teburin ma'aikata ta tafi shago tana ɗinki tana share hawaye. Da yamma kuwa in ta dawo da kayan aiki, duk zare a jiki, ta yi sallama, nan take zai ce, "Uwar Biyu, kin zo?" Wato mai wahala ya sani, mai kwalliya bai san da ita ba. Ba ta taɓa tayar da zancen safiya ba, jira take ya tayar da kansa.

Wata ta raɓa ta gefenta da tiren magani. Sista ce, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, doguwa mai jan tabarau da farar hula. Ko tari ba ta yi ba, amma fuskar mutumin nan ta washe.

"A'a, Sista! Sannu da zuwa. Yau kin makara."

Kishi ya taso wa Uwar Biyu. Kishi tsagwaronsa, irin wanda ta ɗauka ta girme shi. Matar da ya sani kwana goma sha biyu kacal, ita yake ganewa tun daga ƙofa, har yana lissafa mata makara! Ta juya ta dangwarar da kwanon a teburin ma'aikata har murfin ya yi tsalle, ta tsaya a baranda tana huci.

Da Sista ta fito ta tare ta.

"Baiwar Allah, tsaya. Me kike ba mijina?"

"Magani, Mama. Wanda likita ya rubuta."

"Kada ki Mama ni, ban haife ki ba. Wane irin magani ne zai sa mutum ya san ki ya manta matarsa?"

Masu jinya suka fara leƙowa. Likita, wani gajeren dattijo mai furfura, yana cikin zagayen safe, ya zo ya ja su gefe. Uwar Biyu ta zazzage masa komai, har da launin kayan kowace rana. Ta zaci zai ce ta yi haƙuri kamar yadda kowa ke cewa. Sai ta ga ya cusa bironsa a aljihu yana dubanta da kyau.

"Kin ce da yamma yana gane ki. Da sallama kike shiga?"

"Da me zan shiga in ba sallama ba?"

"Da safe fa?"

"Da safe shiru nake yi. So nake in ga ko idonsa zai san ni."

"Sista," in ji Likita, "cire tabaranki da hular. Uwar Biyu, ara mata mayafinki na minti biyu."

"Mayafina? Wannan?"

"Minti biyu kawai."

Ta miƙa shi kamar ana cire mata haƙori. Sista ta lulluɓe farin kayanta da shi, ta je ta tsaya a bakin ƙofa shiru. Likita da Uwar Biyu suka leƙa ta gilashin taga. Mutumin ya ɗago, ya dubi Sista, ya yi wuf ya kawar da kai, daidai yadda yake yi wa matarsa.

Wani daɗi ya ratsa Uwar Biyu har tafin ƙafa. Ta san bai kamata ba, amma wallahi ta ji shi. Ashe ita ma! Ashe jan tabarau ne Sistar, ba ita ba. Da kyar ta danne dariya.

Likita ya shiga shi kaɗai, ya gaishe shi, ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya matso da fuskar ta cika gilashin wayar, babu bandeji babu riga, ya nuna masa.

"Malam, wane ne wannan?"

Mutumin ya daɗe yana kallo. Ya matso da wayar, ya nesanta ta.

"Likita, ga ido, ga hanci, ga gemu, duk ina gani. Amma ban san shi ba. Ɗan'uwanka ne?"

Daɗin nan ya mutu a cikin Uwar Biyu nan take. Ta dafa bango.

A baranda Likita ya yi mata bayani, yana nuna bayan kunnensa na dama. Ya ce a can ciki akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa wanda aikinsa shi ne ya haɗa ido da hanci da baki ya ce wannan wane ne, kuma nan ne jini ya taru da mijinta ya faɗi. Idonsa lafiya lau, hankalinsa lafiya lau, bai manta kowa ba. Fuska ce kawai ba ta zama mutum a wurinsa. Don haka yake kama alama: murya, tafiya, tabarau.

"Mu kullum da kayan aiki iri ɗaya muke shiga muna magana, shi ya sa abin ya ɓoye mana, mu ma ba mu lura ba. Ke kuma kullum sabon kaya, sabon ƙamshi, baki a rufe. Ta ina zai kama ki?"

"Zai warke?"

"Wani yana samun sauƙi, wani ba ya samu. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Yaranmu fa? Har su?"

"Har su. Ki gaya musu su riƙa magana tun daga ƙofa."

Sista ta miƙo mata mayafin a ninke. Uwar Biyu ta karɓa ba ta iya haɗa ido da ita ba, ta ce, "Ki yafe ni, 'yar nan," can ƙasan maƙoshi. Ta yafa, ta ɗauki kwanonta, ta gyara murfin, ta nufi ɗaki mai lamba shida.

"Salamu alaikum."

Ya juyo da sauri, bakinsa har ya buɗe da murna. "Uwar Bi..." Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan ɗinkin ruwan goro, ya hau mayafin, ya dawo.

"Sake magana."

"Ni ce, Baban Biyu."

"Kayan nan... Ke ce mai tsayawa a bakin ƙofa kullum da safe?"

"Ni ce. Ban da ta ɗazun nan, wannan Sista ce."

"Mai shuɗin leshi fa?"

"Ni ce."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta ɗauka kuka zai yi, sai ta ji muryarsa tana rawa tsakanin kuka da dariya.

"Innalillahi! Kwana huɗu ina cikin tashin hankali. Na ce wace matar mutane ce wannan take cin ado ta zo ta zuba mini ido? In Uwar Biyu ta shigo ta same ni ina kallonta, ai na shiga uku. Na so in gaya miki da yamma, na ji tsoron abin da za ki yi mata." Ya sauke hannun. "Ban san fuskar kowa ba yanzu. Na ji kunyar in faɗa, kada ki ce miji ya haukace."

Ta zauna a bakin gado, ta buɗe kwanon, ta zuba masa, ta sa masa cokali a hannu. Ta riƙe hannun ta daɗe ba ta sake shi ba. Hawaye ya ɗiga a kan sabon ɗinkin, ba ta goge ba. Ya ci loma biyu, ya ci ta uku.

"Baban Biyu."

"Na'am."

"Matar nan ta bakin ƙofa. Tana da kyau?"

Cokalin ya tsaya a hanya. Shekara ashirin da biyu sun koya masa wannan muryar.

"Ai ban kalla ba," ya ce.

Ƙarya yake, da idonta ta ga ya kalla sama da ƙasa, kwana huɗu a jere. Ta ƙara masa abinci, ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi.