Hannun da ke Daka Gabu

Mijinyawa ya sauke damin ganyen albasa a tsakar gida, ya ture shi da ƙafa zuwa bakin madafa.

"Ga shararki nan," ya ce wa matarsa Kulu.

Haka al'adar ƙauyensu take, can bayan Sifawa: kan albasa na miji ne, ganye na mata. Miji ya jibge nasa a rudu, rumfar karan nan ta ajiya, ya jira ta yi tsada. Mata kuwa ta daka ganyen, ta cura, ta shanya, ya zama gabu na miya. Namiji ba ya waiwayar gabu, balle Mijinyawa, wanda tun da aka ba shi hular jam'iyya yake tafiya kamar shi ya kawo kwalta Boɗinga. A waje ɗan amshin shata ne, ba ɗan takarar da bai durƙusa wa ba. Sai ya shigo gida yake zama namiji. Miya ta yi gishiri, mari. Akuya ta shiga ɗaki, mari. Ɗan takara ya wuce bai ɗaga masa hannu ba, wannan ma a jikin Kulu zai huce. Ta yi yaji har ta gaji, kullum a maido ta da goro da nasihar haƙuri.

A shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu ya yi wuya, dunƙulen miya na kanti ya ɓace, matan Sakkwato suka tuna da gabu. A nan Hajjo ta shigo, wata tsohuwar dillaliya daga Boɗinga mai bin gida gida. Ta dubi kumburin idon Kulu, ba ta tambaya ba. Da ta dawo, da babban turmi ta dawo.

"Ɗiyata, duk abin da kika cura ni ke ɗauka. Amma ba ni ba ki kuɗi, a aljihun wani za su kwana. Gero zan riƙa kawo miki."

"To, Inna. Allah ya saka."

Labari ya iske Mijinyawa a kasuwa, wai shara ta yi daraja. Tir, ai sai ido ya rufe! Ya faɗa wa sauran albasar da ke fadama, bai bari ganyen ya kwanta ya yi yaushi ba, ya yanke shi ɗanye sharaf har wuya, ya sayar a bakin hanya. Da ya kawo kawunan zai zuba a rudu, Kulu ta kasa yin shiru.

"Malam, wuyan bai bushe ba. Za ta ruɓe."

"Mi kika ce? Ke za ki koya mini noma?"

Taɓarya ce kusa da shi, ita ya ɗauka. Kulu ta kare kanta da hannun dama, aka ji ƙas. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, aka ce masa santsi ne ya kwashe ta, a tsakiyar rani, shi ma ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Kafin ruwan farko rudu ya fara zubar da baƙin ruwa. Wari ya kori har kajin gidan. Ɗan takara kuma ya daina biyowa ta ƙauyen, ga hula dai, amma ba a tuƙa tuwo da ita. Hajjo ta zo da gero a ƙwarya, ta ga ɗori, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Sai hannu ya warke gero zai dawo. Aka sake taɓa mini shi, turmina zan ɗauka, ba ni sake tako gidanga."

Ta miƙa wa Kulu fura, ta tsaya a kanta har ta shanye, ta juya da geronta.

Yunwa ta yi wa Mijinyawa shigar sauri. Wata rana da hantsi ya rufe ƙofar zaure, ya zuba ragowar ganye a turmi, ya ɗaga taɓarya da kansa. Wai shi gwani! Daka ba tsari, kamar ana fasa itace. Maƙwabciya ta ɗago murya ta bayan danga: "Kulu, wane irin daka ne wanga? Ko baƙuwa kika yi?" Ya yar da taɓarya ya shige ɗaki, Kulu na zaune tana kallonsa.

Hannu ya warke, ko da yake bai koma daidai ba. Hajjo ta riƙa taro busasshen ganye daga Kajiji, gero ya dawo, hayaƙi ya tashi a madafa. Ran nan tuwo ya yi jinkiri saboda Kulu na kan daka. Mijinyawa ya fito yana huci, ya ɗaga hannu yadda ya saba. Ba ta sunkuya ba. Ta jingine taɓarya, ta miƙa masa hannun damanta.

"Ga shi, Malam."

Ya dubi hannun, ya dubi turmin. Nasa hannun ya daɗe a sama kafin ya sami abin yi da shi, ya kai shi ƙeya ya yi susa.

"Ki riƙa hutawa tsakanin daka," ya ce a hankali. "Kar ki gajiyar da shi."

Shekara da shekaru tana roƙon Allah ya sa masa tausayinta, ashe cikinsa kawai ya kamata a yi wa magana. Ta zaci ranar da ya sauke hannu za ta yi kukan murna. Ba ta ji murna ba, ƙyama ta ji.

Ta tofar da yawu gefe, ta ɗauki taɓaryarta.