Malama Afiniki a Bencin Baya

Littattafai talatin wani Bature injiniyan reluwe ya bar wa makarantar 'yan mata da zai bar Kafanchan, duk labaran jirage masu zuwa duniyar taurari. Malama Afiniki mai koyar da kimiyya ke riƙe da makullin kabad ɗinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne bangon: kusan kowanne da zanen Baturiya, rigarta ba ta kai hankici ba, wani dodon ƙarfe ya sungume ta.

Ɗaya ya faɗa hannun Baba Meshak, dattijon ikkilisiyar da ke da makarantar. Ran Laraba aka kira Malama Afiniki gaban dattawa. Littafin ya zaga hannu shida, kowa ya ƙare wa bangon kallo tsaf don ya san girman zunubin, amma ba wanda ya buɗe.

"Malama, wannan ne kina koya ma yaranmu?" in ji Baba Meshak.

"Baba, kun karanta?"

"Ni zan karanta ƙazanta?"

"Ni na karanta duka. Biyu ba su dace da yara ba, na cire su tun bara. Sauran, matar nan ma ba ta cikin labarin. An zana ta ne don maza su tsaya, ga shi kuwa sun tsaya. Yarana injin jiragen suke karantawa. Paulina 'yar aji uku har ta ce injiniya za ta zama."

Ta ce za ta naɗe bangon da takardar siminti, suka ƙi. Ko ta kawo makulli a ƙone littattafan, ko ta shiga horo: zaman bencin baya a majami'a, babu cin gurasar Jibin Ubangiji.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Shekara ashirin tana sahun mawaƙa, ubanta kuma da kansa ya ɗauko duwatsun ginin majami'ar.

Ran Lahadi ba ta jira a kira sunanta ba. Ta ratsa tsakiyar jama'a, kai a ɗage, ta zauna a baya. Baba Meshak ke raba gurasa. Da ya iso kanta ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, makulli kawai."

Hawaye na zubo mata, ta naɗe hannuwanta a ƙirji.

"Ku wuce, Baba. Mutane na jira."