Gajeren Bajimina

Ni na fara gane gajeren bajimin nan tun yana ɗan maraƙi, ana yi masa dariya. Naman 'ya'yansa laushi gare shi, kitse ya ratsa tsoka.

Jiya na tarar ɗana ya ɗaure shi a turke, ya kira mai dandaƙa.

"Baba, mummuna ne. Dogon ya fi cika ido."

"Da ido kake tauna nama, marar kunya?"

Na sa mahauci ya gaso naman 'ya'yansu biyu. Ni da fari da annoba suka kasa kayarwa, babu haƙori a bakina, na cinye na gajeren tas. Ɗana yana ta jan na dogon kamar takalmi. Da kansa ya kwance igiyar.

Mai musu ya kawo namansa, dasashina na jira.